Ranar da Aka Ce In Tona Asirin 'Yar Farina

Waɗanda ke falon ranar su ne: ni Tabawa, da ƙanena Idi da ya taso daga Dagenham, da Hafsa autata, wadda ita ke rubuta wannan da nake faɗa don ni ban yi boko ba, da surukina uban Amira, sai ita mai dalilin taron, 'yar farina. Sunanta ba ya fita daga bakina. Haka na tarar ana yi a Zariya, haka na zo da shi London. A nan zan ce uwar Amira.

Falon yana warin ƙauri. Uwar Amira ce ta ɗora mai a wuta za ta soya albasa, aka buga ƙofa aka kawo saƙo, daga karɓar saƙo ta ga wanki ta hau ninkewa, daga ninki ta ɗauki waya. Sai da na'urar hayaƙi ta yi ta ihu, maƙwabciya ta kira 'yan kwana-kwana. Ana cikin wannan makaranta ta bugo, an tashi tuntuni ba a zo an ɗauki Amira ba. Da Hafsa ta zazzage mata jaka tana neman makulli, sai ga takardar gargaɗi daga wurin aiki, ta kwana biyu a ciki ba wanda ya sani.

Aikinta a gidan kula da tsofaffi ne, nan bayan Old Kent Road. Da shi ake biyan rabin hayar flat ɗin nan, kuma shi ne aiki na farko da ta daɗe a kai ba a sallame ta ba. Laifinta wurinsu makara, da rashin rubuta abin da ta yi wa kowane tsoho kafin ta tashi.

Idi ya ce, "Yaya, wannan ba na asibiti ba ne. Mace ta kusa arba'in ta manta 'yarta? Akwai wani malami a wajenmu, ku kawo ta a yi mata addu'a."

Na ce, "Addu'a kullum ana yi, Idi. Sakaci ne. Tun tana ƙarama haka take."

Hafsa ta ce, "To Inna, kin faɗa da bakinki. Tun tana ƙarama. Abin yana da suna, ADHD, lalurar kasa tara hankali wuri ɗaya. Manya ma suna da shi."

Na ce, "Ba shi ne na yaran Turawa da ba a tsawata musu ba? Ita wannan an tsawata mata."

Surukina kansa a ƙasa, mutum ne mai kunya. Uwar Amira ce ta ɗago. Ta ce, "Inna, ina ƙoƙari. Wallahi na fi kowa a ɗakin nan ƙoƙari."

Maganar ta zauna min. Ni mai sa ido ce, ba abin da ke wucewa a gidan nan ban gani ba. Na san tana rigan kowa tashi, kuma ita ke makara. Na san tana goge kayan aiki tun jiya, da safe ta rasa inda ta ajiye su. Malalaci ba ya wahalar da kansa haka. Na ce Hafsa ta kai ta asibiti a gani.

Makon farko ya tafi a neman ganin GP, wato likitan unguwa. Sai ka buga waya da sassafe ka shiga layi, kafin a ɗauka a ce wurin ya cika, gobe. Mako na biyu aka samu. Likitan ya ce gajiya ce da damuwa, ta rage aiki ta yi barci. Ta dawo gida ta ce ita ta haƙura. Hafsa ta ce ba a haƙura ba, ta sake yin booking, ta bi ta har ciki. Wannan karon wata likita suka samu, ta saurare su, ta yi mata tambayoyi, ta ce za ta tura sunanta wurin masu duba irin wannan a jikin manya. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Amma ta gaya musu gaskiya, layin yana da tsawo.

Ni da na ji layi na ɗauka irin na asibitinmu na gida ne, ka je da tabarma da asuba, la'asar an gan ka. Nan layin ba ka ganinsa. Kana gida kana jira, ba ka san wa ke gabanka ba. Azumi ya zo ya wuce. Wani azumin ya zo ya wuce.

A tsakanin nan ba shawarar da ba mu sha ba. Idi ya kawo rubutu a gora, ta sha, ban hana ba. Wata a masallaci ta ce man habbatus-sauda. Wata ta ce a daina ba ta shayi. Surukina ya tambayi kuɗin asibitin kuɗi, da aka faɗa masa ya dawo ya ce ya fi ƙarfinmu, ni ma ban tambaye shi nawa ba. Ni kuwa na zama agogonta. In tuna mata lokaci, in tsaya bakin ƙofa in ce waya, makulli, katin bas, abincin rana. Wani lokaci duk da haka ta dawo daga tashar bas da gudu.

Sai gargaɗi na biyu ya zo. Suka ce na ƙarshe ne, za a zauna da ita nan da 'yan watanni. Shugabarsu ba muguwa ba ce, ta ja ta gefe ta ce in akwai takardar likita da ta nuna lalura ce, doka ta ce a sauƙaƙa mata yadda take aikin. In babu, ba ta da abin da za ta kare ta da shi.

Ga abu na farko da nake so mai karatu ya riƙe. Hafsa ta koma wurin GP ta tada hankali, sai a lokacin aka ce ai akwai hanyar da mutum zai zaɓi wani wurin da layinsa bai kai wancan ba, kuma gwamnati ce dai za ta biya. Shekara biyu ba wanda ya faɗa mana. Ku tambaya. In ba ku tambaya ba, ba a faɗa.

Aka sauya mata wuri, aka ba ta rana a Stratford. Suka ce ta zo da takardun makarantarta na firamare, ko wani da ya san ta tun tana yarinya, don sai an tabbatar abin tun daga ƙuruciya ya faro. Takardun firamare kuwa gara ta cinye su a Zariya tun da daɗewa. Mahaifinta ya rasu. Hafsa ba a haife ta ba sai da yayarta ta girma. Saura ni.

Muka hau bas, muka shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, muka isa. Likitar 'yar siririya ce mai tabarau. Ba su yarda ɗan gida ya yi tafinta ba, sai suka kawo wata Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi. Hausarta sai ka nutsu, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Aka daɗe da uwar Amira ita kaɗai, sannan aka kira ni.

Hajiya Memuna ta ce, "Mma, likita ya ce, yarinyan nan da yake ƙarami, yaya halinshi?"

Na dubi likitar. Baƙuwa, ban san uwarta ba ban san ubanta ba, ga alƙalami a hannu, abin da na faɗa rubutawa za ta yi ya zauna a takardar gwamnati. Ga 'yar Kumasi a gefe, wa ya san wa ta sani a masallaci. Ga 'yata da aurenta da 'yarta. Na gyara mayafina na ce, "Lafiya lau."

"Yana mantuwa?"

"Kamar kowane yaro."

"Yana zama wuri ɗaya?"

"Yarinya ce mai hankali. Ba ta taɓa ba ni wahala ba."

Duk abin da aka tambaya, haka. Ni a raina ina cewa yau na fita kunyarta, na rufa mata asiri gaban bare. Likitar ta ajiye alƙalami ta yi magana a hankali. Ta ce abin da ta gani a yanzu ya yi kama ƙwarai, amma tunda uwa ta ce ba komai a yarinta, ba za ta iya yanke hukunci ba.

Muka kamo hanyar gida ni da uwar Amira, muka fito daga tube. Sai a bas, muna zaune a baya, ta juyo.

"Inna, tun da na yi wayo kike faɗa min. Kin ce ni kamar kaza, kin ce kaina ba ya ɗaukar saƙo, kin ce ban taɓa gama abu ba. A gaban Kawu Idi ma kin faɗa. Yau rana ɗaya da aka ce ki faɗa, sai ki ce lafiya lau?"

Na ce, "A gida na faɗa. So kike in tsaya gaban Baturiya in kwance miki zane?"

Ta ce, "Shi aka kawo ki ki yi! Shi ne maganin!"

Mutane suka waiwayo. Ta rufe fuska da gyale tana kuka, mace da girmanta, a cikin bas. Ni ban san haka ake yi ba. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce, Inna, a ɗakin nan rufin asiri cuta ne. Su sun ɗauka na sani, ni na ɗauka jarrabawa ce da ake so 'yata ta ci. Wannan shi ne abu na biyu. In za ku kai tsohuwa irina shaida, ku fahimtar da ita tun daga gida.

Hafsa ta aika musu saƙo ta yi bayani, suka ce likita ta yarda a sake zama da ni. Aka sa rana, ana gobe suka bugo an yi cancel, an fasa, likita ba ta da lafiya. Zaman wurin aiki kuwa yana ta matsowa. Na ce Hafsa ta rubuta min sunan tashoshin a takarda. Na zuba kunu a flas, na tafi Stratford ni kaɗai ina nuna wa mutane takardar. Na je na zauna gaban yarinyar da ke karɓar baƙi. Turancina bai fi cikin cokali ba, amma na san "I wait." Ta ce in koma gida za a kira. Na ce, "I wait." Ta kawo min shayi, na gode mata, na sha, na ci gaba da zama. Da rana ta yi, sai ta kira Hafsa a waya ta ce wani ya fasa zuwa mako mai zuwa, in muna so. Ban ce zamana ne ya sa ba. Na dai ce na zauna.

Ranar na shiga na ce wa Hajiya Memuna, "Yau ki sha ruwa, za ki yi aiki. Kuma abin da kika ji a nan ya tsaya a nan."

Ta ce, "Mma, aikina ke nan, rantsuwa na yi."

Likitar ta ce tana son abin da ya faru kafin shekara goma sha biyu. Na ce ni ba da shekara nake lissafi ba. Lokacin da take famfara, haƙoran gaba sun zube, na aike ta niƙa, ta bi mai wasa da biri har wata unguwa, ta dawo ba ƙullu ba kwano. Ba sau ɗaya ba. Takalmi kuwa sai da na daina saya mata mai kyau, ƙafa ɗaya take dawowa da shi. A makarantar allo malam ya ce ta fi kowa saurin haddacewa, amma sai ya zaunar da ita a gabansa ya taka bakin zanenta, in ba haka ba tana waje. Manya na magana ta faɗo ciki, na buge bakin har na gaji. Shekarar da ta fara azumi ta ɗora min wake ta tafi kallon kitso, tukunyar ta ƙone har ta huje. Amma in ita ce ta kama kitson, sai ta wuni a kai ba ci ba sha, ka kira ta ba ta ji. Na ce a taƙaice yarinya ce mai rawar kai.

Hajiya Memuna ta juya mata shi da Turanci. Sai na ga likitar ta zabura ta matso da kujera, tana tambaya da sauri. Memuna ta ce, "Likita ya ce, kan nan da yake rawa, yana faɗuwa ƙasa? Yana kumfa a baki?"

Uwar Amira da ke hawaye sai ta fashe da dariya, har tana riƙe ciki. Ashe matar nan cewa ta yi kan yarinyar yana kaɗawa, likita ta ɗauka farfaɗiya ce. Na ce, "Hajiya, a Kumasi ba ku da masu rawar kai ne?" Ta ce, "Muna da su, Mma, suna ne ba mu ba su ba." Sai da 'yata ta warware wa likitar da Turanci, ita ma ta yi dariya ta rubuta.

Na ɗauka an gama. Sai likitar ta ce, to me ta iya? Me ke burge ki a wurinta?

Wannan ya fi na farkon wuya. Faɗin laifin ɗa, ko ba komai baki ya saba. Amma uwa ta yabi 'yar fari, tana zaune tana ji? Ban taɓa ba. Na juya na kalli bango. Na ce lokacin da kakarta ta kwanta ciwo, tana 'yar ƙanƙanuwa, ita kaɗai tsohuwar ke yarda ta ba ta kunu, don ita ce ba ta gajiya da hira. Na ce ko yanzu tsofaffin wurin aikinta in ba ta zo ba wasu ba sa cin abinci. Na ce ban taɓa ganin wanda ya faɗi sau da yawa ya tashi kamar ta ba. Ina gamawa na ce a ba ni ruwa.

Ta ce, "Ashe kina gani, Inna."

Na ce, "Me ya hana ni gani? Gyara zamanki."

Likitar ta ce ta tabbata, ADHD ne, kuma da shi aka haife ta. Maganar da ta tsaya min ita ce da ta ce ba tarbiyya ce ta gaza ba, kuma ba lalaci ba ne. Na sa Memuna ta maimaita min ita.

Takardar ta iso ana saura kwanaki a zauna a wurin aiki. Suka karanta, suka ce an ba ta wata uku a gwada. Suka sauya mata abubuwa: ta riƙa rubuta na kowane tsoho da zarar ta fito daga ɗakinsa ba sai an tashi ba, a ba ta umarni a rubuce, a bar ta da wayarta tana yi mata ƙararrawa.

Magani kuma wani layin ne, amma gajere. Sai da aka auna jini da bugun zuciya da nauyi. Aka fara da kaɗan. Makon farko bakinta ya bushe, abinci ya fita ranta, sai na lura in ta sha maganin da safe shi ke nan ba ta ƙara neman abinci sai yamma. Na koma dama kunun gyaɗa mai kauri da asuba, in tsaya a kanta ta shanye da ƙosai kafin ta haɗiyi ƙwayar. Mako na biyu barci ya yi mata wuya, aka ce ta riƙa sha da wuri. Da aka ƙara mata, zuciyarta ta riƙa bugawa, ta ji tsoro ta ce za ta daina. Na ce ba za ki daina da kanki ba, kira su. Suka rage, ya zauna daidai. Ta tambaye su yadda za ta yi da azumi, suka ce ta zo kafin watan ya kama a tsara.

Idi ya bugo ya ce ya ji an ɗora ta a kan ƙwaya, irin wadda yara ke lalacewa da ita. Na ce, "Idi, kai maganin hawan jinin da kake sha kullum, a gora aka rubuto maka shi?" Ya ce Yaya ba haka yake nufi ba. Na ce to ya gaida gida.

Ba zan ɓoye ɓacin raina ba. Akwai watan da maganin ya yanke, surukina ya zaga kantunan magani tun daga unguwarmu har Dagenham kafin ya samu. Akwai lokacin da Stratford suka ce GP ne zai ci gaba da rubuta mata, GP ya ce bai ga takarda ba, aka yi ta jefa mu tsakaninsu. Ƙasa mai wannan arziki, a ce takarda ta kasa tsallaka gari. Amma dai an duba ta, ba a karɓi kuɗin ganin likita ba, kuma mutanen da muka tarar a ɗakunan nan sun yi mana mutunci.

Wata ranar Asabar, cikin mako na huɗu ko na biyar da fara maganin, na shigo kicin na same ta tana yanka alayyafo. Ta yanka, ta wanke, ta zuba, ta rufe, ta tsaya a wurin har ya dahu. Ta ce, "Inna, kin san yadda kasuwa take in an tashi? Haka kaina yake. Ashe haka kuke ji kullum?" Na ce ta sauke kafin ya yi ligif. Ba ta zama wata mutum daban ba, kada a yi muku ƙarya. Har yanzu tana neman makulli, har yanzu tana katse mutane. Amma yanzu in ta ce za ta yi abu, yawanci ana samunsa a yi.

Da wata ukun suka cika aka sake zama. Na ce zan bi ta, ta ce a'a, ita kaɗai za ta. Ta dawo da la'asar ta tsaya bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Ta ce, "Sun cire gargaɗin. Aikina yana nan. Har sun ce in riƙa nuna wa sababbi yadda ake lallashin masu ƙin cin abinci."

Hafsa ta yi guɗa har maƙwabciya ta leƙo. Surukina ya fita ya dawo da tsire daga Old Kent Road, leda biyu. Ni na ce alhamdulillahi, na ce kuma a cire takalmi kafin a taka min kafet.

Washegari da safe, bayan ta fita aiki, na sa Hafsa ta kira min ƙanwata Lami a Zariya. Tana da ɗa, Garba, ya haura talatin, ya koyi gyaran babur ya bari, ya koyi ɗinki ya bari, dangi duk sun sallama shi. Muka gaisa, na tambayi mutan gida. Sannan na ce, "Lami, samu wuri ki zauna. Garba da yana yaro, yaya yake?"

Ta ce, "Lafiya lau, Yaya."

Na ce, "Ba gaisuwa nake yi ba. Fara min daga lokacin da yake famfara."